Lamba Huɗu

Shagona yana Bolari, jikin na mai faci:
keken ɗinki ɗaya, benci biyu, rediyo mai tari.
Sana'ata ɗinka lamba a bayan riga.
Shekara tara ina yanka huɗu da farin yadi,
ina jera sunan Yila a samanta.

Ran Talata, kafin azahar, rediyo ya yi tarinsa ya faɗa:
kulob ya sallami mutum bakwai,
kwantiragi ya ƙare, ba sabuntawa.
Na uku a jerin, kyaftin ɗinmu.
An ce an ɗauko wani yaro ya maye gurbi,
sha tara a takarda,
gemu kuwa ya fi nawa cika.

Bappa Gidado bai ko zauna ba:
"Ai an makara! Gwiwar nan ta gama aiki.
Wasan ƙarshe ɗan gaba ya wuce shi
kamar babur ya wuce amalanke.
Fili ba ofishin fansho ba ne."

Dijatu mai awara ta aje matsami.
"Kai da ba ka san kuɗin tikiti ba,
kullum ta katanga kake dira,
kai ne ma'aunin gwiwar mutane?
Wata shida ba albashi, bai ƙi fita ba.
Ranar da aka fasa masa goshi
da bandeji ya ƙarasa minti casa'in.
Wa ya ƙirga shekarunsa a ranar?"

Malam Jauro na banki ya gyara tabarau,
shi komai sai ya bi ta alƙalami:
"Abin da Yila ke ɗauka zai riƙe yara uku.
Koci bai yi laifi ba.
Laifin, kuɗin sa hannu na bara waccan
har yau suna aljihun wani.
A biya mutum, a kira shi ɗaki, a gode masa.
Ba ya tsinci kansa a rediyo ba
kamar cigiyar akuya."

Hammadu ɗan acaba ya leƙo ta taga:
"Duk dillalai ne! Kowane sabon ɗan wasa
akwai ushirin wani a ƙafarsa.
Ni da kallo har abada."
Haka ya rantse bara.
Ran Lahadi shi ke riƙe ganga.

Bappa ya tuɓe rigarsa ya jefo min:
"Farke sunan nan, sa na sabon."
Na ɗauki reza, na bi zare a hankali,
harafi huɗu suka zubo kan cinyata.
Sai dai rana ta cinye launin rigar duka
ban da inda haruffan suka kwanta.
Na ɗaga ta sama. Daga bakin ƙofa ma
ana karanta Yila.

Dab da magariba wani ya yi sallama,
dogo, yana ɗan jan ƙafar hagu,
da jakar tafiya, zif ya ɓalle.
Benci ya yi tsit.
Man Dijatu kaɗai ke magana a kasko.
Bappa ya matsa, ya share wurin da hularsa:
"Kyaftin, bismilla."
Ni kuma na tura rigar ƙarƙashin keke da ƙafa.

Ya ce gobe da asuba zai kama hanya,
wani ƙaramin kulob ya kira shi gwaji.
Gwaji, a shekara talatin da huɗu!
Ya faɗa yana dariya, mu muka kasa.

Na gyara zif, na ce ya bar kuɗin.
Ya kamo hannuna ya danƙa min ɗari biyar.
"Karɓi, tela.
Na san yadda aiki ba biya yake."

Rigar Bappa tana nan rataye a ƙusa,
mako uku ke nan.
Bai zo ya karɓa ba,
ni ma ban yanka sabon suna ba.